Shanun Yumɓun Rahamatu

Kana wurin ranar, kada ka ce mini ba ka nan. In ba a Tungar Marke ka tsaya ba, ka tsaya a wata tungar mai irin wannan bishiya da irin wannan taro. Ka ga an zaunar da mutum a ƙasa, ka sunkuyar da kai kana latsa waya kamar an turo maka saƙo. Ka koma gida ka ci tuwo, ka ce Allah ya kyauta. To zauna ka ji abin da ka kawar wa kai.

Malama Esther ta iso Tungar Marke a farkon zangon karatu, lokacin da ruwan Kainji ke ta hauhawa yana lasar gindin shinkafa. 'Yar ƙasar Zuru ce, shekarunta ashirin da huɗu, kuma wannan ne aikinta na farko. Hedimasta, Malam Haruna, ya miƙa mata rajista da guntun alli biyu, ya nuna mata aji ɗaya da haɓa.

"Ga su nan, saba'in da huɗu," in ji shi. "Ki dai hana su faɗa. Sauran na Allah ne."

Ba wanda ya tsara wa yaran nan wurin zama, amma kowa ya san nasa. 'Ya'yan masu shaguna da na ma'aikata suna gaba, a kan benci uku da suka rage. 'Ya'yan Gungawa da Sarkawa, waɗanda ake tsallako da su a kwale-kwale, suna bakin taga, wai don iska ta kwashe ƙarnin kifi. Kambari suna tsakiya a ƙasa. Can baya, inda rufi ke yoyo, akwai Fulani huɗu. Yara ne 'yan shekara shida da bakwai, ko baƙi ba su iya ba, amma sun haddace wanda ya fi wani. A gida suka koyo.

Esther ta ɗaura niyyar sanin kowannensu. Ta koyi gaisuwa da Gunganci daga bakin Asma'u, 'yar masunta mai giɓi, wadda ke dariya har ta faɗi in Malama ta karya harshe. Ta san cewa Nusaiba, ɗiyar Kabiru mai sayar da fetur a jarka, ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Ta san wanda ke zuwa bai karya ba, da wanda ke barci don ya taya ubansa jan koma, ragar kifi, tun asuba.

Layin baya ne kawai ta kasa. Shekara uku da suka wuce 'yan bindiga sun harbe ƙanen babanta a gona, waɗanda suka tsira kuma suka ce da Fillanci suka ji maharan na magana. In ta zo sunayen baya a rajista sai ta kira su da sauri, ba ta ɗaga ido. Ta fi mako uku a haka. Wata Lahadi tana durƙushe a coci tana roƙon gafara kamar yadda ta saba, sai fuskar wata yarinya ta faɗo mata a rai: siririya, mai kitson doka da ɗan zoben tagulla a kunne, wadda ba ta taɓa cewa komai ba in ban da "na'am". Rahamatu Wakili. Kunya ta kama Esther har ta kasa ƙarasa addu'ar.

Makarantar ba takarda, ba fensir mai launi. Amma bakin ruwa akwai yumɓu, kyauta. Ranar Litinin ta sa aka ɗebo bokiti biyu, ta tarwatsa layukan zama, ta zaunar da yaran a da'ira a ƙasa, ɗan mai shago kusa da ɗan mai kifi.

"Yau ba ABC," ta ce. "Kowa ya gina mini gidansu. Abin da ke gidanku, shi nake so in gani. Ban da ƙarya, kun ji? Abin da ka gani da idonka."

Ajin ya kaure. Asma'u ta gina kwale-kwale da kifi wanda ya fi kwale-kwalen girma. Wani ɗan Kambari ya gina rumbu da kare. Nusaiba ta jera jarkoki tara, ta ce saura babur ɗin Baba, yumɓu ya ƙare. Esther na zagayawa tana tambaya, ana ba ta amsa da harsuna biyar, zuciyarta fari ƙal. Sai ta iso kan Rahamatu ta tsaya cak.

Shanu ne, goma sha ɗaya. Ba irin dunƙulen da sauran yara ke yi ba. Kowace da tozonta, da lanƙwasar ƙahonta, wata ta juya kai tana lasar maraƙi. Esther ta durƙusa, karo na farko, har ta ji ƙanshin nono da hayaƙi a jikin yarinyar.

"Kai! Rahamatu, ke kika yi waɗannan?"

Yarinyar ta ɗaga kai. Ta ɗora yatsa a kan ta farko. "Raneye," ta ce a hankali. "Fara." Ta matsa. "Ɓaleye. Baƙa. Tana harbi." Yara suka yi dariya, ita ma ta murmusa. Bakin da ya yi wata guda a rufe ya buɗe, Hausa na fita tana tuntuɓe.

A gefen shanun akwai bukka, da mace sunkuye a kan tukunya. Akwai babura uku, kowanne da mutum uku, kowane mutum da tsinken ciyawa a saɓe a baya. Akwai kuma saniya ɗaya kwance a gefenta, an ja mata layi a wuya da farce.

"Waɗannan fa?"

"Baƙi. Sun zo. Sun ci Woɗeye." Ta shafa saniyar da ke kwance. "Ja ce. Tawa ce. Baba ya ce kar in yi kuka su ji."

Esther ta gane nan take. 'Yar Zuru ba ta bukatar a fassara mata babur mai goyon uku. Hannunta ya miƙa zai murƙushe baburan, sai ta ga yarinyar na kallonta, ido waje, tana jiran a ce ta yi kyau. Ta yaya za ka tattake maganar farko da yaro ya yi maka? Ta janye hannun.

"Kin fi kowa," ta ce. "Ku tafa mata."

Aka tafa. Aka jera aikin kowa a kan dogon katako, Esther ta rubuta sunan kowane yaro da alli a ƙarƙashin nasa, aka ɗora katakon a bakin taga don rana ta busar. Ta ce a ranta gobe da sassafe za ta cire na Rahamatu ta kai ɗakinta. Abin da ba ta lissafa ba shi ne tagar ba ta da murfi, kuma tana kallon hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. Gobe kuma Talata, ranar kasuwa.

Ko da ta iso da safe, mutum sun fi ashirin a bakin tagar. Mata da kwandunan kifin banda a ka, 'yan acaɓa, tsofaffi. Ba mai dariya. Nusaiba kuwa tun jiya ta kai wa ubanta labari, ba don mugunta ba, don dai an tafa wa wata ba ita ba.

Kabiru ba fetur kaɗai yake sayarwa ba, shi ne shugaban 'yan bangan gari. Wajen ƙarfe goma ya shigo ajin ba sallama, da mutum biyu masu bindigar toka, Malam Haruna na biye da su yana murza hannu. Ya sauke katakon ya ajiye a kan teburin Malama. Ya ciro alawa daga aljihu.

"Ina 'yar Fillo mai gini? Zo nan, ɗiyata. An ce kin fi kowa."

Rahamatu ta dubi Esther. Ta taso.

"Wa'annan su wa na?"

"Baƙi."

"Madalla. Inna ta dafa masu abinci?"

"Ta dafa."

"Sun kwana?"

"Sun kwana biyu."

"Alhaji Kabiru," Esther ta ce, "yarinya ce ƙarama. Dubi nan, dubi saniyar nan, yanka ta suka yi. Tilasta masu aka yi. Ai abin a fili yake."

Kabiru ya ɗauki jar saniyar da yatsu biyu, ya juya ta kamar mai taya kaya. Ya sake ta ta faɗi, ya ɗora takalmi, ya murza.

"Wace saniya?" ya ce. Ya miƙa wa yarinyar alawa. "Malama, ke baƙuwa ce. Kuma na ji labarin abin da aka yi maku can gida. Ke ya kamata ki fara gode mani."

Suka fita da katakon. Rahamatu na tsaye da alawa a hannu, tana kallon garin yumɓu a ƙasa.

Esther ta bi hedimasta har ofis. "Malam, aikin makaranta ne fa. Kai ke da ikon karɓo shi. Ka je ka ce wasan yara ne."

"Wa ya sa ki?" Malam Haruna ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Shekara talatin ina koyarwa ban taɓa tambayar yaro abin da ke gidansu ba. Kin ɗauka wauta ce? A nan ba a tambaya. Saura mini shekara biyu in yi ritaya, da ƙafafuna nake so in koma Yelwa."

Ta ruga gidan da take haya, wurin Mama Jummai, shugabar zumuntar matan coci, mace mai faɗa a ji wadda ko Maigari yana gaishe ta. Ta same ta tana tankaɗe.

"Mama, ki zo mu je wurin Maigari, za su kamo Wakili, baban yarinyar nan Bafullatana. In ke kika yi magana za a saurara."

Mama Jummai ta ajiye rariya. "Ɗiyata, mu nawa ne a garin nan? Gida tara. Cocinmu langa-langa ne, ashana ɗaya ta ishe shi. Ki je ki tsaya wa Bafullatani a gaban kasuwa, gobe a ce Kiristoci ke ɓoye infoma? Kuma tsakani da Allah, su da suka kashe ƙanen ubanki, sun tambaye shi ko yana da ɗiya?"

"Ba Wakili ya kashe shi ba."

"Kin sani? Zauna ki sha ruwa. Za mu sa su a addu'a."

Addu'a! Kowa a ƙasar nan ya iya sa mutum a addu'a, in dai ba za a ce ya taka ƙafa ba.

Bayan azahar aka taru a gindin bishiyar marke ta kasuwa. Maigari a kujera, katakon yumɓu a kan tebur a gabansa, da kwale-kwalen Asma'u da jarkokin Nusaiba duk suna nan a jere, kamar su ma shaidu ne. Wakili na zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar shanunsa. Dogo ne, ramamme, an riga an fasa masa leɓe. Shekara goma sha tara yana rugar bayan gari. Rabin waɗanda ke tsaye sun sha nonon gidansa, wasunsu shi ke yi masu kiwo.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "sun zo su tara, da bindigogi. Sun ce a dafa. In kai ne, mi za ka yi? Sun yanka mani saniya a gaban yarana."

"Don mi ba ka kawo rahoto ba?"

"Sun ce in na faɗi za su dawo. Ku kuna cikin gari. Ni ina bakin daji."

"Ka ji ko!" wani ya ɗaga murya. "Ya amsa da bakinsa!"

Ga abin da kowa a gindin bishiyar nan ya sani, ba wanda ya faɗa. Baburan nan ba ruwa suke sha ba, a jarka ake kai masu mai har bakin daji. Akwai mai gidan burodin da ke fitar da buhu biyu ba a san mai saye ba. Akwai masu jirgin da aka tsallakar da baƙi a cikinsa, bindiga a ƙeya, suka dawo suka yi shiru. Duk garin ya dafa wa baƙin nan, kowa da irin tukunyarsa. Bambancin Wakili ɗaya ne: ɗiyarsa ta iya gini.

Mata ba sa magana a gindin marke. Esther ta kutsa ta tsakanin kafaɗu har ta fito fili.

"Ranka ya daɗe, ni na sa yaran su yi. Akwai saniya da aka yanka, an tattake ta a ajina, a gaban yara sama da saba'in. In ana zarginsa, a kai shi gaban hukuma, a yi bincike. Ba a yanke wa mutum hukunci da wasan yara."

Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci. A cikin shirun nan, da mutum ɗaya ya ce "gaskiya ta faɗa", da wataƙila na biyu ya samu baki. Akwai malamai a wurin. Akwai ɗalibai da suka zo hutu daga manyan makarantu, masu rubuta dogayen maganganu a waya kan adalci. Malam Haruna na nan, yana duban takalminsa.

Wani ɗan acaɓa ne ya fasa shirun. "Malama ta ga dogon hanci ta rikice!"

Aka kwashe da dariya, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. "A ɗaura masu aure mana!" "Sadaki saniyar laka!" Wata tsohuwa ta ja ta da zane ta mayar da ita baya.

Maigari ya yi gyaran murya. Ya ce Malama ta yi magana mai kyau, hukuma za a kai shi. Kabiru da yaransa za su tafi da shi Wara ta ruwa, don hanyar mota ba ta da tabbas. Shanun za a riƙe har a gama bincike. Iyalinsa kuma su bar ƙasar gari kafin jibi.

Aka gangara da Wakili ta gaban tagar aji ɗaya. Da ya zo daidai inda Esther take sai ya tsaya, ba don ya zage ta ba.

"Ke ce Malama? Kullum Rahamatu na maganarki a gida." Aka tunkuɗa shi gaba.

Mutum biyar suka shiga jirgin. Kafin la'asar sakaliya jirgin ya dawo da mutum huɗu. Ko mai inji biyu ba ya zuwa Wara ya dawo a wannan lokaci, kuma duk wanda ke bakin ruwa ya san haka. Kabiru ya ce mutumin ya yi tsalle ya faɗa ruwa zai gudu. Da hannu a ɗaure. Masu banda suka ci gaba da juya kifinsu. Can bayan gari hayaƙi ya tashi daga inda rugar take.

Da safe Esther na share aji sai ta ga inuwa a ƙofa. Rahamatu ce, ba jakar buhun da take zuwa da ita. Can bakin hanya uwarta na tsaye da goyo, da ƙullin kaya a ka, ta juya wa makarantar baya.

"Malama, shanuna."

Katakon na gidan Maigari. Esther ba ta da abin ba ta. Ta durƙusa a gabanta.

"Inna ta ce ni na kira su suka tafi da Baba." Yarinyar ba ta kuka, tambaya take yi, irin ta ɗalibi. "Ke kin ce ban da ƙarya. Ban yi ƙarya ba. Na yi daidai?"

Esther ta kama hannuwanta biyu, har yanzu da yumɓu a ƙarƙashin farcen. Ta ce, "Ba ke ba ce. Ni ce. Mu ne." Ba ta san ko yarinyar ta gane ba. Uwar ta yi kira sau ɗaya da Fillanci, Rahamatu ta zare hannunta ta tafi. Sauran Fulani ukun ma ba su sake zuwa ba.

Esther ta rubuta abin da ta gani a takarda, ta sa hannu, ta zaga gari tana neman mutum na biyu da zai sa nasa. Ta je wurin liman, ta je wurin fasto, ta je wurin masu jirgi. Kowa ya yaba mata, kowa ya ce ta bari ƙura ta lafa. Takardar na cikin rajista har yau, da suna ɗaya.

Yaran kuwa sun koma layukansu ba wanda ya ce su koma. Bayan mako biyu ta gwada, ta tsaya kusa da taga ta yi murmushi.

"Asma'u, jiya Baba ya kamo babban kifi?"

Yarinyar mai giɓi, wadda a da take dariya har ta faɗi, ta dubi ƙasa.

"Ban sani ba, Malama."

"Ba masunci ba ne babanki?"

"Ban sani ba."

Ta tambayi na kusa da ita abin da suka ci da safe. Bai sani ba. Na gaba ma bai sani ba. Yara saba'in, harsuna huɗu, amsa ɗaya. Wannan ne darasin da ya fi zama a aji ɗaya a zangon nan, kuma ba Malama Esther ta koyar da shi ba. Mutanen gindin marke suka koyar, da kai a cikinsu.

Kada ka ce mini Allah ya kyauta. Garinku ma akwai bishiyar, kuma za a sake zaunar da wani a ƙarƙashinta, ko Bafullatani, ko Bakambare, ko ɗan'uwanka. Ranar, mayar da wayar aljihu. Fito fili inda za a ga fuskarka, ka ce a kai shi gaban alƙali, ka shiga jirgin da kanka ka raka shi har can. In kuma wata ta riga ka magana aka yi shiru, kai ne mutum na biyu. Buɗe bakinka, ka sa hannu a takardar.